Darasi: Ƙungiyoyin Ƙwadago Jiya da Yau

Duk mai sauraren rediyo a Yankwashi ko Roni ya saba jin labarin nan: 'yan ƙwadago sun ba gwamnati wa'adi, an tsunduma yajin aiki, an zauna sulhu, an janye. Idan abin ya yi tsamari mukan gani da idonmu. Makarantar firamare a rufe, asibiti babu ma'aikatan jinya, ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma a garƙame. Mutane da yawa iyakar abin da suka sani game da ƙungiyar ƙwadago ke nan, har wasu na ɗauka ba ta da wata sana'a sai hana aiki. A wannan darasi za mu ga abin da ya haifi waɗannan ƙungiyoyi, da abin da suka samo wa ma'aikaci, da dalilin da ya sa mafi yawan masu cin guminsu a yankinmu har yau ba su shiga inuwarsu ba.

Ƙungiyar ƙwadago haɗin kai ce ta mutanen da ke yi wa wani aiki yana biyan su lada. Suna haɗuwa ne don su yi ciniki da mai aikin da baki ɗaya a kan lada, da tsawon lokacin aiki, da hutu, da lafiyarsu a wurin aiki, da abin da za su samu idan ƙarfi ya ƙare. Lebura ɗaya idan ya ce lada ya yi kaɗan, sai a sallame shi a ɗauki wani. Idan leburori ɗari biyar suka faɗa rana ɗaya, dole mai aiki ya zauna ya saurara.

Kafin zuwan albashi

Haɗin kan masu sana'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin Turawa su zo, mahauta na da Sarkin Pawa, maƙera na da Sarkin Maƙera, wanzamai na da Sarkin Aska, magina ma da nasu. Su ne ke raba gardama tsakanin 'yan sana'a, su tsawata wa mai ha'inci, su kai kuka fada. Manoma kuwa suna da gayya, mata suna da adashi. To amma a lura da bambanci. Maƙeri shi ke da maƙerarsa, mahauci shi ke da wuƙarsa da jarinsa. Sarkin sana'a kuma naɗin sarki ne, sau da yawa ma ta hannunsa ake tara harajin sana'ar. Ƙungiyar ƙwadago ta mutumin da ba shi da kayan aiki ce, ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa da lokacinsa. Shugabanta kuma 'yan'uwansa ma'aikata ne ke zaɓarsa.

Yadda abin ya faro a Ingila

Irin wannan mutum ya fara yawaita ne a Ingila a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da injuna suka maye gurbin masaƙan hannu. Talakawa suka baro ƙauyuka suka cika masana'antu a birane irin su Mancesta. Ana aiki awa 12 ko fiye a rana, har da ƙananan yara, kuma wanda inji ya cire wa hannu sai dai ya koma gida. Da ma'aikata suka fara haɗa kai, majalisar ƙasar ta yi dokoki a 1799 da 1800 ta haramta hakan, ba a soke su ba sai 1824.

Labarin da ya fi kusa da rayuwarmu na wasu leburorin gona ne su shida a ƙauyen Tolpuddle. Masu gonaki sun yi ta zaftare ladansu har ya koma sule bakwai a mako, ana shirin mayar da shi shida. Sai suka kafa ƙungiya, suka yi rantsuwa ba za su yi aiki a ƙasa da sule goma ba. A 1834 aka kama su, aka yanke musu hukuncin kora zuwa Ostareliya na shekara bakwai. Jama'a suka fusata, mutum kusan 800,000 suka sa hannu a takardar koke, a 1836 aka yi musu afuwa. Ku duba da kyau, waɗannan mutane ba ma'aikatan ofis ba ne, 'yan ƙwadagon gona ne kamar waɗanda muke ɗauka noma da girbi. Sai a 1871 dokar Ingila ta amince da ƙungiyoyin ƙwadago sosai.

A Amurka kuma, a watan Mayu na 1886 ma'aikatan birnin Shikago suka yi yajin neman a mayar da aikin yini awa takwas. Rikici ya ɓarke, aka rasa rayuka, daga baya aka rataye wasu jagororinsu. Don tunawa da su ne ƙasashe da yawa suka keɓe 1 ga Mayu ta zama Ranar Ma'aikata. Awa takwas ɗin da ma'aikacin gwamnati ke yi yau a Kazaure ya tashi, wasu ne suka biya farashinta.

Zuwanta Najeriya

Aikin albashi da mulkin mallaka ya bunƙasa a ƙasarmu. Turawa na buƙatar akawu, da masinja, da leburorin hanya da na jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, 'yan dako suka yi ta jera buhuna har suka zama dala. Ƙungiya ta farko da aka sani ita ce ta ma'aikatan gwamnati da aka kafa a Legas a 1912. Ƙungiyar malamai ta NUT ta biyo baya a 1931. A 1938 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta ba ƙungiyoyi damar yin rajista, ma'aikatan jirgin ƙasa ƙarƙashin Michael Imoudu suka yi tasu a 1940.

Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna abin da ke samun ma'aikacin da ba shi da murya. Da Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza, sai aka juyo kan ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar maza daga lardunan Arewa ta hannun hukumomin En'e ana kai su haƙar kuza ala tilas. Dattawa suna kiran abin da diban gwamna. Sanyin Jos da yunwa da cuta sun hallaka mutane da yawa, kuma babu wata ƙungiya da za ta tsaya musu.

Ma'aikatan da ke da ƙungiya kuwa wani labari suka rubuta. Yaƙi ya kawo tsadar kaya, albashi bai motsa ba. Suka nemi a mayar da ladan lebura sule biyu da sisi a rana, a kuma ƙara kashi 50 cikin 100 a kan alawus ɗin tsadar rayuwa. Gwamnati ta ƙi. A ranar 22 ga Yuni 1945 dubun dubatar ma'aikata suka ajiye aiki. Jiragen ƙasa suka tsaya cak, gidan waya ya yi tsit, aka shafe fiye da mako shida a haka. Daga bisani aka naɗa kwamitin bincike, aka yi ƙarin. Shekara huɗu bayan haka, ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal a Iva Valley da ke Inugu, suka kashe 21, suka raunata 51. Wannan kisa ya haɗa kan 'yan ƙasa, ya ƙara wa neman 'yancin kai wuta.

A Arewa malaman makaranta ne suka yi gaba. Malam Aminu Kano, yana malamin makaranta, ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948 don neman gyaran albashi da darajar malami. A irin waɗannan tarurruka ne samarin Arewa masu ilimin zamani suka koyi rubuta koke, da zaɓen shugabanni, da fuskantar hukuma ba tare da tsoro ba. Ba a daɗe ba aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950.

Lokacin da ƙwadago ke da ƙarfi

Bayan samun 'yanci a 1960 ƙungiyoyi suka yawaita, suka kuma rarrabu, kowace da uwar da take bi. Duk da haka sun haɗu a watan Yuni na 1964 suka yi yajin gama-gari na kusan mako biyu a kan rahoton albashi na kwamitin Morgan. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta narkar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ta mayar da su 42, duka ƙarƙashin uwa ɗaya, wato NLC, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko. Aka kuma tsara a riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Wannan ya ba ƙwadago kuɗi da ƙarfi. Sai dai ya zo da illa, domin shugaban da kuɗi ke shigo masa ko bai zagaya ya ga mambobinsa ba yana iya mantawa da su.

Akwai abin da ya kamata mutanen yankinmu su sani. A 1980 Kazaure da Babura da Roni duk suna cikin tsohuwar Jihar Kano, tun da ba a ƙirƙiri Jigawa ba sai 27 ga Agusta 1991. A wannan shekara ta 1980 gwamnatin Jihar Kano ta jam'iyyar PRP ƙarƙashin Muhammadu Abubakar Rimi ta ba da hutun Ranar Ma'aikata, kafin gwamnatin tarayya ta Shehu Shagari ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981. Gwamnatin Rimi ɗin ce kuma ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta jiha, wadda irin ajin da kuke zaune ciki ya gaji aikinta. A 1981 ne NLC ta yi yajin da ya haifar da dokar mafi ƙarancin albashi ta farko, naira 125 a wata.

Zamanin soja ya jarraba ƙungiyoyin. Babangida ya rushe shugabancin NLC a 1988. Abacha ya sake rushe shi a 1994, lokacin da ma'aikatan man fetur suka yi yaji a kan soke zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni, aka tsare sakatarensu Frank Kokori har 1998. Bayan dawowar mulkin farar hula, NLC ta zama bakin talaka a kan farashin mai. A Janairun 2012 da aka ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, yajin aiki da zanga-zangar mako guda, har da ta Kano, suka sa aka sauko da ita 97.

Abin da doka ta ce

Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta, sai dai doka ta keɓe wasu kamar sojoji da 'yan sanda. Ana buƙatar aƙalla ma'aikata 50 kafin a yi wa ƙungiya rajista. Tun gyaran dokar 2005 shiga ƙungiya ganin dama ne, kuma a lokacin ne TUC ta samu amincewa ta zama uwa ta biyu. Yajin aiki makami ne na ƙarshe. Kafin a kai gare shi akwai tattaunawa, akwai mai shiga tsakani, akwai kotun ma'aikata ta ƙasa, akwai wa'adi.

Yawancin aikin ƙungiya ma ba ya shiga rediyo. Malamin da aka tsallake wajen ƙarin girma, ofishin NUT yake zuwa. Ma'aikacin ƙaramar hukuma da sunansa ya ɓace daga takardar albashi, NULGE ke bin masa kadi. Ma'aikatan lafiya, da malaman kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da 'yan fansho, kowa da tasa. A Jigawa akwai asusun fansho da ma'aikaci da gwamnati ke zuba kuɗi tare, wanda wasu jihohi kan zo koyon tsarinsa. Irin wannan asusu ba ya ɗorewa sai masu shi na sa ido a kansa.

Me ya rage mata ƙarfi?

Na farko, masana'antu sun mutu. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 da 'yan'uwanta, da kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, sun taɓa ɗaukar dubban mutane, ciki har da 'yan cin rani daga ƙauyukanmu. Daga ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta Kaduna Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da faɗuwar naira, da rashin wutar lantarki, da kwararowar atamfar waje sun durƙusar da yawancinsu. Kamfanin da ya rufe, ƙungiyarsa ma ta rufe. Abin da ya rage wa ƙwadago mafi yawa ma'aikatan gwamnati ne.

Sannan yanayin ɗaukar aiki ya sauya. Bankuna da kamfanoni sun koma ɗaukar ma'aikata ta hannun 'yan kwangila, babu fansho, babu tabbas. Gwamnatoci ma sun shiga ɗaukar ma'aikatan wucin gadi a kan alawus, kamar malaman J-Teach a jiharmu. Wanda ke jiran a tabbatar da shi a aiki ba ya son a ji muryarsa.

Ga kuma tsadar rayuwa da ke cinye duk nasarar da aka samu. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, ƙwadago ta fara da neman 615,000, ta yi yaji a ranar 3 ga Yuni 2024 har aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, a ƙarshe aka tsaya a 70,000 a watan Yuli. Naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dalar Amurka 200 a lokacinta. Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba, kuma kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura ta a kasuwanni da yawa.

Dole a faɗi laifin ƙungiyoyin su ma. Yajin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Gaskiya ne gwamnati ta yi ta saɓa alkawuran da ta sa wa hannu tun 2009, kuma ita ce babbar mai laifi. Amma 'ya'yan talakawa ne suka zauna a gida, na masu hali suna jami'o'in kuɗi. Idan asibiti ya rufe, mai naƙuda daga ƙauyen Gwiwa ce ke shan wahala, ba kwamishina ba. Ƙungiyar da take son jama'a su mara mata baya, wajibi ne ta riƙa auna wanda bulalarta ke sauka a kansa. Haka kuma mambobi da yawa na ƙorafin ba a yi musu bayanin inda kuɗin da ake cira daga albashinsu yake tafiya.

To mu fa, a Yankwashi?

Nan ne zancen ya fi shafarmu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba aikin albashi mai rajista suke yi ba. A Karkarna da Achilafiya da Gwarta ba sai an kawo mana ƙididdiga ba. Ku ƙirga gidajen unguwarku, nawa ne ke jiran albashin ƙarshen wata? Sauran manoma ne, da 'yan ƙwadagon gona, da matan da ke sussuka da ɓarar gyaɗa da tsinkar zoɓo a biya su da kwano, da masu dakon kaya ranar kasuwa, da 'yan acaɓa, da samarin da ke tafiya cin rani Kano da Abuja da Legas su yi gini ko gadi. Dokar mafi ƙarancin albashi kanta ta cire aikin gona na lokaci-lokaci, da aikin jinga, da duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wato wanda ya fi kowa buƙatar kariya shi ne dokar ta bari a waje.

Sai dai ba za a ɗauko tsarin ƙungiyar masana'anta a dasa a ƙauye yadda yake ba. A nan mutumin da ya ɗauki leburori a gonarsa ranar Litinin shi ne ke yi wa wani ƙwadago ranar Alhamis. Mai ƙarfin da yake fuskanta sau da yawa ba maƙwabcinsa ba ne. Dillalin da ke yanka wa riɗi da zoɓo farashi ne a lokacin kaka, sa'ad da bashi ya matsa wa manomi. Ɗan kwangilar gini ne da ke riƙe ladan leburori ya ce sai an biya shi. Mai awo ne da kwanonsa na saye ya fi na sayarwa girma. Addininmu ya hana tauye mudu, ya kuma hore mu da biyan ma'aikaci haƙƙinsa ba tare da jan rai ba, amma mutum ɗaya ba ya iya tilasta wa mai ƙarfi bin wannan horo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wasu sun riga sun gwada. A Indiya, wata lauya mai suna Ela Bhatt ta jagoranci matan birnin Ahmedabad masu talla da dako da ɗinki a gida, suka yi rajistar ƙungiyarsu ta SEWA a 1972, duk da cewa ba su da wani mai gida guda da za su yi ciniki da shi. A 1974 suka buɗe bankinsu. Yau mambobinta sun haura miliyan biyu. A nan gida direbobi na da NURTW, manoman shinkafa na da RIFAN, masu sana'ar hannu sun kafa FIWON a 2010. Wasu na aiki, wasu sun tsaya ga karɓar kuɗin tikiti. Abin da ke raba su sananne ne. Ƙungiya mai rai tana yin zaɓe a kan lokaci, tana da littafin shiga da fitar kuɗi da kowane mamba zai iya dubawa, tana rubuta abin da aka yanke a taro, kuma ba ta zama 'yar amshin shatan ɗan siyasa. Dukkan waɗannan suna buƙatar mamban da ya iya karatu da rubutu da lissafi. Sakatare da ma'aji na irin wannan ƙungiya daga cikinku za su fito.

Tambayoyin tattaunawa

1. Mene ne bambancin Sarkin Pawa da shugaban ƙungiyar ƙwadago?
2. Me ya sa ma'aikatan jirgin ƙasa suka ci nasara a 1945, amma mutanen diban gwamna ba su samu mai tsaya musu ba?
3. Idan ma'aikatan asibiti na da haƙƙin da aka hana su, wace hanya za su bi ba tare da an bar marasa lafiya ba kulawa?

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya tambayi mutum uku masu sana'a iri ɗaya a garinsu nawa ake biyan su a yini ko a kan kwano, wa ke yanka ladan, kuma ina suke kai kuka idan an hana su. Ku rubuta amsoshin da hannunku a littafinku, ba tare da sunayen mutanen ba, ku zo da su aji mu kwatanta na Yankwashi da na Babura da na Roni.